Sikelin Wasiƙun Surukina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina, mahaifin maigidana, ya rasu a gidansa na Birnin Kudu bayan 'yar gajeriyar jinya, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Na zauna a tsakar gida cikin mata muna karɓar gaisuwa, amma kunnena yana zaure. Katangar da ta raba mu da maza ba ta da kauri, ni kuma ina son in ji abin da za a faɗa a kansa.

An faɗi abin da aka saba faɗa. Mutumin kirki ne, ba ya fashin jam'i, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Duk gaskiya ne. Sai dai na lura kowa in ya gama yabon sai ya ɗan yi shiru, kamar akwai sauran magana da ya haɗiye. Mai burodin bakin tasha ne ya fara fito da tasa. Shi ma tsoho ne, sun yi shekara da shekaru suna faɗa da Baba, wato surukin nawa. Ya ce, "Allah ya sa mizaninsa ya yi nauyi. In ma bai yi ba, na san halinsa, cewa zai yi a sake awo." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, liman ya yi gyaran murya. Can kuma sai na jiyo mai burodin yana fyace hanci.

A cikin gida kuwa wata maƙwabciya ta matso jikina ta ce, "Wai ni kam, na'urar nan tasa tana nan? Ku fitar da ita tun da wuri. Wa ya san da wa yake magana a ciki?" Wata ta karɓe, ta ce ita ta ji an ce duk abin da ya auna, labarinsa ƙasar Turawa yake tafiya. An daɗe ana wannan zance a unguwarmu, mutuwa ma ba ta kashe shi ba. Ranar ba ranar musu ba ce. Amma ni na san abin da na'urar ta yi, domin a kaina aka yi, kuma ba na son a binne wannan tare da shi.

Baba ma'aikacin gidan waya ne. Ya fara aiki a Gwaram yana saurayi, daga baya aka dawo da shi Birnin Kudu, a nan ya yi ritaya. Aikin ne ya mai da shi haka ko haka aka haife shi, ban sani ba, amma ban taɓa ganin mutumin da bai yarda da kowa ba irinsa. In ka ce masa an yi ruwa a Kangire, sai ya dubi takalminka. In likita ya ba shi magani, sai ya kai wa wani likitan ya tambaye shi na mene ne. Maganarsa ɗaya ce a kan komai: "A ɗora mu gani."

Gab da zai bar aiki aka kawo musu sababbin sikeli, aka yi gwanjon tsofaffin. Baba ya sayi ɗaya, irin na auna wasiƙu da ƙananan ƙunshi, mai aiki da lantarki. Gilashin da ke nuna lamba ya riga ya mutu, kowa ya ce tarkace ya kwaso. Shi kuwa ya juya bayan sikelin ya ga wata kafa ta saka waya, ya ce abin da yake da baki ai yana da abin faɗa. Dama an taɓa tura su kwas na kwamfuta a Dutse, sauran suka je suka ci abinci suka dawo, shi ya dawo da littattafai. Sai ya tafi Kano ya sayo tsohuwar kwamfuta. Mai gyaran da ya sayar masa ya ce ba za ta taɓa gane sikelin ba sai da faifan kamfanin da ya ƙera shi, faifan kuma ba a samunsa. Baba ya dawo gida yana cewa, "Yaron nan so yake in gaji in bar masa sikelin."

Ya haɗa wayar da kansa, da dalma da ƙarfen liƙi. Da ya kunna, allon kwamfutar ya cika da wasu baƙaƙe marasa kan gado. Bai karaya ba. Yana da duwatsun awo na tagulla tun na zamanin da, waɗanda ya san nauyinsu sarai. Sai ya ɗora ɗaya ya ga waɗanne baƙaƙe ne suka canza, ya sauke ya ɗora wani. A haka ya gano yadda sikelin yake faɗar lamba, ya zauna ya rubuta wa kwamfutar manhajar da za ta karanta. Damina ta wuce, kaka ta shigo, yana abu ɗaya. Tafinta yake kiran manhajar. Yakan ce sikeli yana magana, kwamfuta tana ji, yare ne kawai bai zo ɗaya ba. Kuma ko da abin ya yi aiki, bai yarda da shi ba. Kullum da safe sai ya fara ɗora dutsen tagulla ya ga ko tafintan ya kwana da gaskiya.

Ba da giram yake ba da labarin nauyi ba, da wasiƙa yake bayarwa. Sabulu wasiƙa kaza ne, ƙullin sukari wasiƙa kaza. Da haka ya kama mai burodi, ya ce burodinsa ya rame da wasiƙa biyu. Mai burodi ya ce bushewa yake yi a hanya. Washegari Baba ya je bakin tanda ya karɓo mai zafi, ya auna, ya bari ya huce ya sake aunawa, ya koma tasha da sakamako. Faɗan nan bai ƙare ba har mutuwa ta raba su, amma bai taɓa sayen burodin wani ba. Ya ce wannan ya san iyakar cutarsa.

A wannan gida aka kawo ni daga Kwandiko. Uwar mijina ta rasu tun kafin aurenmu, maigidana kuma fataucin hatsi yake yi zuwa Kano, ya fi kwana a hanya. Ɗakina yana kallon ɗakin Baba, tsakar gida ce kawai tsakaninmu. Yadda aka tarbiyyantar da ni, suruki ba a haɗa ido da shi, ba a ɗaga murya ya ji, ba a tauna abinci a inda zai gani. Shi ma ya kiyaye nasa ɓangaren. Bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In yana son wani abu, sai ya tsaya ƙofar ɗakinsa ya dubi bishiyar darbejiya ya ce, "Ko mutanen ɗakin can za su taimaka da ruwan zafi?" Ni kuma in amsa wa bango.

Cikina na fari bai kai wata tara ba na haihu. Bakwaini ce, mace, 'yar mitsitsiya, hannunta bai fi babban yatsana ba. Da a ƙa'ida ne gidanmu zan tafi wanka, amma Baba ya ce ba za a nisanta da asibiti ba. Sai aka aika Zandam aka ɗauko yayarsa, wadda maigidana yake kira Gwaggo, ta zo ta yi mini wankan jego.

Kada a ce na zalunci Gwaggo, ita ma tana ƙasa yanzu, Allah ya jiƙanta. Tsohuwa ce mai hannu, ta wanke masu jego ba adadi, kuma ta binne 'ya'yanta na cikinta fiye da waɗanda ta raya. Idonta ya san jaririn da ba zai zauna ba. Muka doshi arba'in yarinya ba ta ciko ba, sai kuka siriri da fatar wuya. Ran nan Gwaggo ta sa na tatsa nono a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa a ciki. In ta yi iyo ta fita, nonon lafiya lau ne. Tawa ta yi 'yan zagaye ta tsaya cak.

Gwaggo ta ce, "To, ga shi nan. Nononki ne ba shi da kyau. Matar ɗana tana goyo a Zandam, nono har zuba yake. Can zan kai ta."

Na san abin da wannan ke nufi. Jaririyar da aka ɗauka tana jego aka kai wani gida ta sha nonon wata, ba ta dawowa. Can za ta yi wayo, can za ta san uwa, ni in zama baƙuwar da ke zuwa da tsaraba. Kuma ba ni da bakin cewa a'a. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in buɗe baki a gaban manya in ce ina sonta. Da maigidana ya dawo na dube shi ko zai ce wani abu, shi ma kunyar ta ɗaure shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda manya suka yanke."

Baba ne ya yi magana daga ƙofar ɗakinsa. Ya ce, "Yaya, tururuwar nan lafiyarta ƙalau kafin ki jefa ta?"

Gwaggo ta ce, "Kai dai ka fara. Tururuwar ma ba ka yarda da ita ba?"

Ya ce, "Ban san ta ba. A ɗora mu gani."

Aka kai ruwa rana. Gwaggo ta ce jikar tasa ba ƙunshin goro ba ce da za a ɗora a sikeli, kuma ita ba ta yarda da akwatin da ke rubutu ba hannu ba. Baba ya ce ta ba shi zuwa ranar kasuwa ta sama. Ta ce ta san shi da jan magana, sai dai ya rantse. Mutumin da ko a kan sunansa ba ya rantsuwa, ranar ya ce, "Wallahi in ranar ta zo yarinyar nan ba ta ƙaru ba, ki tafi da ita." Ina ɗaki ina ji. A ganina ya gama sayar da ni.

Ga yadda ya tsara. Kafin in ba ta nono, Gwaggo za ta kai masa ita a cikin ƙwarya da aka shimfiɗa wa zane, ya auna. In ta gama sha a sake kai ta. Abin da ya ƙaru tsakanin awo biyun shi ne abin da ta sha. Gwaggo da kanta take kaiwa, ba don ta yarda ba, don ta tsaya a kansa kada ya taɓa wani abu. Ranar farko abin ya ƙi, domin wasiƙa ba ta wutsil-wutsil, jaririya kuwa tana yi. Lamba ta yi ta tsalle a allo, Gwaggo tana dariya. Baba ya yini a gaban kwamfutar yana gyara tafinta, ya koya masa ya yi haƙuri ya saurari sikelin sau da yawa sannan ya faɗi na tsakiya. In an ɗauke wuta ya tada ɗan janareta, unguwa duk ta san ana auna jaririya a gidanmu. Daga nan zancen Turawa ya samo asali.

Bayan kwana biyu na ji yana faɗa wa darbejiya, "Abin da ta sha yana zama, ba ta amayarwa. Nonon ba shi da laifi. Kaɗan ne." Gwaggo ta ce kaɗan da marar kyau duk kabari ɗaya suke kaiwa.

Sai kuma ya ɓullo da wani sabon abu. Gwaggo ta ɗauko kwanon tuwona za ta kawo mini, ya ce a biya da shi ta ɗakinsa. Ya auna. Da na ci aka fito da kwanon, ya ce a sake biyawa. Haka kunun kanwa, haka naman ƙauri. Ina leƙe ta labule ina ganin kwanona a kan sikelin da ake kama mai burodi.

Me zan ɗauka? Mutumin da ya auna sabulu ya auna sukari, yau yana auna cin surukarsa. Na ce shi ke nan, an gane ni ce mai cinye gidan. Dama can ba wani ci nake yi ba. Ina jin motsinsa a tsakar gida nake rufe kwano, ga zazzaɓin zuciya, ga idon Gwaggo. Yanzu kuwa da na san kowace loma tana da lamba, sai na koma taɓa gefen tuwo in mayar. Raina ya ɓaci da shi ƙwarai, na tsane shi a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. Ina kwance da yunwa ina cewa a raina, ka auna ka ga ban ci muku komai ba. Shi kuma yana can yana ganin kwano yana dawowa da nauyi, yana cewa a ƙara nama, wai ko girkin ne bai yi mini ba. In aka ƙara, ni kuma in ce gwada ni ake yi. Tsakar gida ɗaya, ba mai iya tambayar wani.

Ranar kasuwa ta zo. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Tun da hantsi Gwaggo ta ɗaure kayanta, ta aika tasha aka kama mata gaban motar Gwaram, daga can za ta hau babur zuwa Zandam. Maigidana ya tsiri wani uzuri ya fita. Gwaggo ta ɗauki yarinyar a ƙwarya ta nufi ɗakin Baba. Ni kuma na yi abin da ban taɓa yi ba, na biyo ta har bakin ƙofa na durƙusa, mayafina a kan fuska.

Baba ya fara ɗora dutsen tagulla, ya duba, ya sauke. Ya karɓi ƙwaryar ya ɗora. Gwaggo ba ta karatun boko, ni ma daga inda nake ba na hango allon. Duk abin da ya faɗa, shi ne. Na san haka, Gwaggo ta san haka, shi ya sa ta kafa masa ido ba ta ko ƙiftawa. Ya daɗe yana kallon allon.

Ya ce, "Ta ragu. Da wasiƙa ɗaya da 'yan kai."

Gwaggo ta sauke numfashi. Ba murna ta yi ba, na ga idonta ya kawo ruwa. Ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙwaryar, Baba ya dafa bakinta.

Ya ce, "Ba inda za ta."

"Ka rantse fa."

"Na rantse. Zan yi kaffara."

Gwaggo ta ce, "Akwatin naka da bakinsa ya faɗa, kai da bakinka ka maimaita. Yanzu kuma shi ma ba ka yarda da shi ba?"

Ya ce, "Na yarda da shi, Yaya. Shi ya nuna mini. Kafin in fara taɓa kwanon mutanen ɗakin can, abin da yarinyar nan take sha yana hawa kaɗan-kaɗan. Daga ranar da na ɗora kwanon a sikeli, kwano ya riƙa dawowa da nauyi, nono ya ragu. Sai jiya na jera su na gani. Ba nono ba ne, ba tururuwa ba ce. Ni ne."

Gwaggo ta ce in yarinyar ta mutu, a wuyansa. Ya ce ya ɗauka. Ta ce ita da gidansa har abada, tunda ya mai da ita abokiyar wasa a gaban yara. Wannan ya taɓa shi, domin ita ta goye shi. Ya zagaya bayan sikelin ya zare wayar. Sannan ya janyo 'yar jakarsa daga ƙarƙashin gado. Ashe tun asuba ya haɗa kaya. Ya ce zai raka ta Gwaram, kuma zai zauna can wajen wani tsohon abokin aikinsa, a zaure, sai abin da hali ya yi. Maƙwabciyarmu ta bayan gida za ta ƙarasa mini wankan, ya riga ya roƙe ta.

Dattijo mai gida, da furfurarsa, zai bar ɗakinsa da gadonsa ya je ya kwanta a zauren wani cikin damina. Sai a lokacin na gane dalili. Muddin yana tsakar gidan nan ba zan iya cin abinci ba, shi ya sa ya ɗauke kansa.

Gwaggo ta yi gaba tana faɗa. Baba ya ɗauko ƙwaryar da hannu biyu ya fito, ya tsaya a gabana. Na ɗauka zai dubi bishiya. Sai ya sunkuyo ya ajiye mini yarinyar a cinya, ya yi magana da ni, ni ɗin nan.

Ya ce, "'Yar nan, ba cinki nake ƙirgawa ba. Tsoro nake ji. Ki ci abinci, don Allah."

Ya sa takalmi ya fita. Ina jin ƙarar ƙyauren zaure na tashi, yarinya a kafaɗa, na shiga madafa. Ban ɗauki kwano ba. Na zauna dirshan a gaban tukunya na ci tuwon jiya da hannu, ina ci ina kuka, har na kankare ƙanzo.

Ya ciyar da miskinai goma a Gwaram saboda rantsuwar. Ya yi fama da sauro da ciwon baya a zauren mutane, bai dawo ba sai da maigidana ya je ya ce masa yarinyar ta fi ƙarfin ƙwarya. Gwaggo ba ta sake taka gidansa ba sai bayan shekaru, kuma ya san haka za a yi tun kafin ya dafa ƙwaryar. Ni na shayar da 'yata har yaye, a ɗakina ta yi wayo, ni take kira Umma.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka san abin da ya bari saboda ni da abin da ya ɗauka a wuyansa. Ka yafe masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka amintar da shi daga tsoro. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.